Uwa da Riba: Labarin Dulfin na Kizimkazi

 Labarin wannan mako daga gabas ya fito, daga Zanzibar, ƙasar nan da sunanta ya zaga duniya saboda kanumfari. Labari ne na wata dabbar teku wadda mutanen wani ƙauye suka daɗe suna kashewa, daga baya suka gane ta fi daraja da ranta, suka aje mashi suka koma kai baƙi kallonta, sa'an nan kallon nan ya zame mata wata wahala dabam. Duk wanda ya taɓa riƙe jari ya san bambancin uwa da riba, ya kuma san ƙarshen ɗan kasuwar da ya fara cin uwa yana tsammani riba ce. To, wannan ita ce mas'alar da ke gaban mutanen Kizimkazi.

Fasali na farko: garin da tekunsa

Ku sani Zanzibar tsibirai ne cikin Tekun Indiya, daura da gaɓar Afirka ta Gabas. Manyansu biyu ne, Unguja da Pemba, kuma tun shekara ta 1964 suka haɗu da Tanganyika aka sami ƙasar Tanzaniya. Babban birnin yana kan Unguja, wajen yamma. In mota ta tashi daga birnin ta nufi kudu, cikin awa ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba sai ta kai ƙarshen tsibirin, inda ƙauyuka biyu su ke maƙwabtaka da juna, Kizimkazi Dimbani da Kizimkazi Mkunguni. Mutanensu masunta ne, harshensu Sawahili. Garin kuwa ba na jiya ba ne, gama a masallacin Dimbani akwai rubutun Kufi da aka sassaƙa a bangon alƙibla, yana ɗauke da shekara ta 500 ta Hijira, watau 1107 ta Miladiyya, ko da ya ke an sake ginin cikin ƙarni na 18. Ashe shekara ɗari tara ke nan da ɗoriya mutane na zaune a wannan gaɓa suna neman abinci cikin teku.

Iska biyu ke mulkin wannan teku. Ta farko suna ce mata kaskazi, tana busowa daga arewa maso gabas tun wajen Disamba har Maris, ita ce ta riƙa kawo jiragen fatake daga Oman da ƙasar Hindu. Ta biyu suna ce mata kusi, tana busowa daga kudu tun wajen Afrilu har Oktoba, ita ke mai da su gida, kuma a tsakiyar lokacinta ruwan kudancin tsibirin ya kan yi fushi. Ban da iska akwai cikowar teku da janyewarsa, sau biyu cikin dare da rana. Wannan yana bin wata ne: ranakun tsayuwar wata da ranakun cikarsa a nan ruwa ya kan hau ƙwarai ya sauka ƙwarai, har tsakanin hawansa da saukarsa ya kai wajen mita huɗu. Saboda haka masuncin Kizimkazi ba ya jahiltar kwanan wata, don da shi ya ke sanin sa'ar da jirginsa zai tashi da sa'ar da zai kwanta bisa rairayi.

Fasali na biyu: siffar dabbar

Larabawa suna ce mata dulfin, Sawahilawa kuwa pomboo. Shehu Damiri na Masar, wanda ya rasu a 808 ta Hijira, ya ambace ta cikin littafinsa Hayatul Hayawan, ya kawo abin da masu jirgi ke faɗa cewa ta kan taimaki wanda ruwa ke shirin ci. Wanda ya hange ta daga nesa sai ya ce kifi ne, alhali kuwa ba kifi ba ne ko kusa. Masu su na Binuwai da Kwara sun san ayu, sun san yana fitowa ya shaƙi iska, macensa kuma tana shayar da ɗanta. To, haka dulfin ya ke. Yana da huhu, jininsa mai ɗumi ne, ƙofar hancinsa guda ɗaya ce a bisa kansa, da ita ya ke fesar da numfashi ya ja sabo cikin ƙiftawar ido. Wutsiyar kifi a tsaye ta ke tana kaɗawa dama da hagu, tasa kuwa a kwance ta ke tana kaɗawa sama da ƙasa.

Iri biyu a ke samu kullum a ruwan Kizimkazi. Akwai mai baki kamar wuyan kwalba, launinsa toka-toka, tsawonsa ya kan kai mita biyu da rabi, shi ne mai yawo ƙungiya-ƙungiya, shi ne kuma baƙi ke nema. Akwai kuma mai tozo a gadon baya, mai kunya, wanda ba ya nisa da gaɓa, ba ya kuwa son jirgi ya matso shi.

Abubuwa uku na halinsa ya kamata a riƙe, don a kansu sauran bayani zai tsaya. Na ɗaya, da sauti ya ke gani. Yana sakin wata ƙara mai kaifi, ta bugi kifi ko dutse ta komo masa, da amsa-kuwwar nan ya ke gane girman abu da nisansa ko cikin duhu. Kowane ɗaya kuma yana da fito nasa na kansa wanda 'yan'uwansa ke shaida shi da shi, sai ka ce suna. Saboda haka rugugin inji ba ƙaramar ɓarna ba ce gare shi. Na biyu, numfashinsa da niyya ya ke yinsa, in ya yi barci mai nauyi irin namu sai ya nutse. Domin haka rabin ƙwaƙwalwarsa ke barci rabi na tsaro, yana tafe sannu-sannu kusa da saman ruwa. Wanda bai sani ba sai ya ce ga shi ya kwanta yana jiran a zo a yi wasa da shi, alhali barcinsa ke nan. Na uku, haihuwarsa kaɗan ce. Cikin mace wata goma sha biyu ne, ɗa guda ta ke haifa, tana shayar da shi shekara biyu ko uku ko fiye, ba ta kuwa sake wani sai bayan shekara uku ko huɗu ko biyar.

Fasali na uku: daga mashi zuwa kallo

A da, mutanen kudancin Unguja su kan fita da mashi su soki dulfin. Su kan ci wani abu daga naman, su shafe katakon jirgi da kitsen don kada ruwa ya shiga, amma babban amfaninsa shi ne a yayyanka a sa a ƙugiya don kama babban kifin nan mai haƙora wanda Sawahilawa ke kira papa, gama busasshen namansa da fukafukansa haja ce mai tafiya. Watau dabba guda ciniki guda, in an yi an gama.

Cikin shekara ta 1992 aka fara kai baƙi masu yawon buɗe ido su ga dulfin daga Kizimkazi. Nan da nan masu jirgi suka yi lissafi irin na 'yan kasuwa: wanda aka soka an sayar da shi sau ɗaya, wanda aka bari kuwa ana karɓar kuɗin ganinsa yau, a karɓa gobe, a karɓa baɗi, ga shi kuma ba a ciyar da shi ba a shayar da shi. Farautar ƙarshe da aka rubuta labarinta a 1996 aka yi ta. A 1997 hukumar Zanzibar ta keɓe mashigin Menai, wanda Kizimkazi ke bakinsa, ta mai da shi wurin da a ke kiyayewa, fili mai faɗin murabba'in kilomita 470, bayan ƙauyukan gaɓa sun yi ta kuka da masu su da nakiya da masu jan taru bisa duwatsun ƙarƙashin ruwa. A 2005 kuma masu jiragen suka kafa ƙungiya tasu ta masu sana'ar kai baƙi kallon dulfin.

Sana'ar ta buɗe ƙofofi da yawa. Mai jirgi ya samu, mai riƙe inji ya samu, yaron da ya koyi harshen baƙi ya zama ɗan jagora, mai mota daga birni ya samu, mata masu dafa abinci da masu sayar da zannuwa a bakin gaɓa su ma suka samu. Garin da dā ba ya da abin dogara sai kifi ya sami ƙafa ta biyu.

Fasali na huɗu: yadda tafiyar ta ke

Da asuba a ke fita, kafin iska ta tashi. Baƙi su kan taka cikin ruwa zuwa gwiwa su hau ƙaramin jirgi mai inji a baya, mutum shida ko takwas. Ɗan jagora ya tsaya a goshin jirgi yana duban ruwa, yana neman baƙin fiffike mai kama da lauje da ke fitowa ya koma. Wani lokaci cikin minti ashirin an gan su, wani lokaci awa biyu ana yawo, wata rana kuwa a komo ba a ga komi ba, gama dabbar daji ce, ba ta yi alkawari da kowa ba. In an dace, sai ka ga goma ko ashirin suna tafe tare, suna fitowa bi da bi suna huci, ƙananan suna manne da gefen uwayensu.

Bayan wannan sai a nufi inda duwatsun murjani su ke, don leƙen ƙarƙashin ruwa. Kayan aikin uku ne. Na farko gilashi mai bakin roba da ke rufe ido da hanci, domin idon ɗan Adam ba ya gani sosai sai da iska a gabansa. Na biyu bututu mai lanƙwasa, a ciji bakinsa ɗaya, ɗayan ya tsaya bisa ruwa ta gefen kai. Na uku takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Mutum ya kwanta rub da ciki bisa ruwa, fuskarsa a ciki, yana numfashi ta bututu, ruwan gishiri na ɗauke da shi. Tsawon bututun ba ya wuce kamu ɗaya, kuma akwai dalili. In ya yi tsawo, iskar da mutum ya fitar ba za ta gama fita ba, ita zai sake shaƙa. Har ila yau in ƙirji ya nutse ko da mita ɗaya, nauyin ruwa zai danne shi har ya kasa jawo iska daga sama.

Abin da ido ke gani a can ƙasa sai ka ce kasuwa ta ci. Ga kifaye shuɗɗa da rawaya da masu zane-zane, ga masu baki kamar na aku suna gwaguyar dutse. Murjanin nan dangi ne na jan murjanin da mata ke ratayawa a wuya, amma ba shi ba ne, wancan a Bahar Rum aka fi saninsa tun dā. Na nan kuwa wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu rai da ke gina wa kansu gidaje na alli, gida bisa gida, har ya zama tudu. Mai rassa ya kan ƙaru wajen santimita goma a shekara, dunƙulalle kuwa wajen santimita ɗaya tak. Saboda haka wanda ya taka shi, ko jirgin da ya jefa ƙarfen tsayawa a kansa, ya rushe ginin shekaru cikin daƙiƙa guda. Zafi ma yana kashe shi. In ruwa ya ɗara ɗuminsa na al'ada da ɗan kaɗan har makonni, sai murjanin ya kori wani ɗan tsiro da ke zaune cikin namansa yana ciyar da shi, ya yi fari fat kamar ƙashi. Haka ya faru a 1998, aka yi asara mai yawa a Tekun Indiya.

Daga Fumba, a ɗaya gefen mashigin, akwai wata tafiya ta yini guda cikin jiragen katako masu ƙyalle, waɗanda iska ke turawa. Su kan tsaya bisa tudun farin rairayi wanda ba ya bayyana sai ruwa ya janye, in ya ciko kuwa ya shafe shi sarai, sa'an nan su sauka tsibirin Kwale a ci kifi gasasshe da shinkafa da kwakwa.

Fasali na biyar: inda riba ta fara cin uwa

Masana na Jami'ar Dar es Salaam, waɗanda ke da sashen nazarin teku a Zanzibar, tare da na Jami'ar Stockholm ta ƙasar Suwidin, sun ƙidaya dabbobin tsakanin 1999 da 2002. Hanyarsu ita ce ɗaukar hoton fiffiken baya, don kowane yana da tabo da tsaga irin nasa, kamar yadda makiyayi ke shaida shanunsa ɗaya-ɗaya. Suka iske masu bakin kwalba ba su kai 200 ba, masu tozo kuwa kimanin 60. Wannan shi ne jarin gaba ɗaya. Garke ne ƙarami mai jinkirin haihuwa, ga kuma taru na masunta da a ke bari cikin ruwa da dare, in dulfin ya sarƙe ciki ya kasa fitowa shan iska sai ya mutu. Irin mai tozo kuwa, tun 2017 aka sa shi cikin jerin dabbobin duniya da a ke tsoron ƙarewarsu.

Sa'an nan ga halin ciniki. Baƙo ya biya kuɗi, muradinsa ya shiga ruwa tare da dabbar a ɗauke shi hoto. Ɗan jagora ya san tukuicinsa na rataye ga wannan. Da wani ya hango garke sai waya ta yi aiki, jirage su taso a guje daga ko'ina, su sha gaban dabbobin, a ce wa baƙi su faɗa ruwa. Dabbobin su nutse su sake hanya, a kwashe baƙi a sake bin su, a sake shan gabansu. Kowane mai jirgi yana cewa in ni na bari wani ba zai bari ba, kuma gaskiya ya faɗa, amma da wannan gaskiyar a ke ƙafar da rijiyar gari.

Binciken da aka buga a 2007 ya nuna uwaye masu goyo su kan ƙara tafiya gwargwadon yawan jirage da masu iyo a kansu. Wani na 2010 ya nuna in jirage na nan, hutawar garken da cuɗanyarsu su kan ragu, tafiya ta ƙaru. Ma'anar wannan a fili ta ke. Uwar da ke gudu ba ta tsayawa ɗanta ya sha, ba ta kuwa hutawa ta tara nono. Ba za a ga gawa a bakin gaɓa ba balle a ce ga wanda ya yi kisa, illa dai haihuwa ta ragu a hankali, ko garken ya gaji ya sake wuri. Ran da wannan ya faru, mai jirgi da mai mota da mai abinci duk tare za su tashi.

Fasali na shida: abin da aka gani a wasu ƙasashe

Wannan mas'ala ba ta Zanzibar kaɗai ba ce, kuma a wasu wurare an gwada magani. A wani mashigi na yammacin Ostareliya an daɗe ana ƙidayar irin wannan dulfin. Sa'ad da jiragen kai baƙi suka tashi daga ɗaya zuwa biyu, biyu rak, sai aka iske dabbobin wurin sun ragu kimanin ɗaya cikin bakwai. Da aka buga labarin a 2006, hukuma ta yanke shawarar mai da izini ga jirgi ɗaya. A Masar kuwa, a Bahar Maliya kusa da garin Marsa Alam, akwai wani zoben murjani mai suna Samadai, inda wani irin dulfin mai kiwon dare ke shiga ya huta da rana. Baƙi suka yi masa yawa, ɗaruruwa a yini. A 2004 hukuma ta raba wurin kashi uku: ciki na dabbobi ne kaɗai, tsakiya na masu iyo, waje na jirage. Aka ƙayyade yawan masu shiga da sa'o'in shiga, aka sa kuɗin ƙofa. Dabbar da ta so ganin mutane ta fito, wadda ta so barci ta zauna ciki. A tsibiran Hawai na Amurka ma, tun 2021 doka ta hana iyo da wannan irin ko matsarsa kusa da yadi 50.

A Kizimkazi ma an rubuta ladubba tun ƙarshen shekarun 1990, wahalar dai ita ce bin su. Ga jimlarsu. A tafi da jirgi sannu, kada a riƙa ta da murya ta inji ana sauke ta. A biyo ta gefe a jera da su, kada a sha gabansu ko a kewaye su. In sun juya sun tafi, a ƙyale su. Uwa mai ƙaramin ɗa a ba ta fili. Mai shiga ruwa ya zame a hankali kusa da jirgi, kada ya yi tsalle, kada ya kai hannu. Masu jirgin da suka daɗe a sana'ar sun san dabba ce mai son sanin abu, sau da yawa wanda ya kashe inji ya yi shiru ita da kanta ke zuwa dubansa. Sannu ba ta hana zuwa.

Shi ma baƙo yana da nasa nauyi, don mai saye ke gyara kasuwa. Tun a bakin gaɓa ya kamata ya gaya wa mai jirgi ba ya son a kori dabba dominsa, ya ba da tukuici saboda haƙuri ba saboda gudu ba, ya kuma yarda kallo daga cikin jirgi ya isa. Kada ya hau jirgin da ba shi da rigar hana nutsewa, ko da ya iya iyon kogi, gama teku yana da ja na ƙarƙashi wanda ido ba ya gani. Ya rufe bayansa saboda rana, ya kula da wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke kwance tsakanin duwatsu, kada kuma ya ɓalli murjani ya ce tsaraba.

Kammalawa

Kakannin mutanen Kizimkazi sun ci dulfin da mashi, 'ya'yansu suka yi hankali suka gane mai rai ya fi matacce kuɗi. Saura hankali na biyu, wanda ya fi na farko wuya, watau a gane barin kisa bai isa ba sai an bar wa dabbar barcinta da shayarwarta. Uwar kuɗin wannan sana'a uwa ce ta gaske, mai ɗa guda a gefenta, tana neman inda za ta tsaya ya sha. In an ba ta wannan fili, jikokin masu jirgin yau za su fita da asuba su iske garke. In kuwa kwaɗayin tukuicin yau ya hana, to, kwaɗayi mabuɗin wahala ne, jirage za su kwana bisa rairayi ruwa ya ciko ya janye ba mai tambayarsu.